Auduga a Kunnen Juvenal

Litinin, 19 ga Maris 1984, ƙarfe biyar na asuba

Edivar ne ya saya mini wannan littafi kafin su tafi. Ya ce, "Inna, kullum layi uku, in ba haka ba haruffan za su gudu su bar ki." Wata bakwai yana cikin akwati, ina jin nauyin ɓata farar takarda. Ina da shekara arba'in da bakwai na koyi karatu, shi ya koya mini, kuma har yau hannuna bai saba tafiya shi kaɗai ba. Yau na buɗe, don abin da ke bakina ba na faɗa wa mutum ba ne.

Ranar Alhamis rediyo ya ce ƙasa ta zabtare a wani ramin zinariya a Pará. Bai faɗi wane rami ba, bai faɗi sunan kowa ba. Yarana biyu suna can. Edivar da na haifa, da Nonato da na riƙe a baftisma, na kuma raine shi tun da uwarsa ta rasu wajen haihuwarsa. Nono ɗaya suka sha, tabarma ɗaya suka jiƙa.

Jiya Lahadi ƙarfe uku, tarhon gidan burodin Seu Tonico ya yi ƙara kamar yadda ya saba. Da can su biyu suke magana, suna ƙwacen kan tarhon. Edivar ya ce, "Sa mini albarka, Inna," Nonato ya ture shi ya ce, "Sa mini albarka, Madrinha, tawa ta fi tasa girma." Madrinha yake ce mini, wato uwar baftisma. Jiya murya ɗaya ce. Ta kira ni Inna. Ta ce lafiya lau, ba raminsu ba ne, Nonato ya tsaya gadin kaya. Na sa albarka, na ajiye. Seu Tonico ya ce, "To kin ji, Dona Cícera? Sai ki je ki ci abinci."

Ban san muryar ba.

Talata, 20 ga Maris, lokacin hutun rana

Na zo da wake da shinkafa, na mayar da marfin.

Shekara shida ina shara a cibiyar binciken tarho a nan Campinas, kuma ɗakin shiru ni kaɗai ake bari in share. Ƙofarsa ta fi katifa uku kauri. Bango da rufi da ƙasa duk tsinin soso ne, kowane ya kai tsawon hannuna, mutum yana tafiya a kan raga kamar gizo-gizo. In an rufe ƙofa, magana tana fita daga baki ta faɗi a nan, ba ta dawowa. Ranar da na fara shiga na ji wani yana daka a nesa, na waiwaya, ashe zuciyata ce. Har yau sai na yi alamar gicciye a bakin ƙofar. Fadan cocinmu ya yafe mini, amma ko a coci ban taɓa jin Allah kusa haka ba.

Juvenal, mutum-mutumin da suke gwaji da shi, yana zaune a tsakiya a kan sandarsa ta ƙarfe. Kai ne da kafaɗu kawai, launin toka, babu ido, kunnuwansa na roba masu laushi kamar na jariri. Cikin kowane kunne akwai makirufo, cikin bakinsa lasifika. Suna ɗaura masa kan tarho a kumatu, ya yi magana, ya saurara, a waje kuma allura tana zana abin da ya ji a kan doguwar takarda. Seu Aristides, mai kula da injuna, ya ce ƙudan da ya share hannu a ɗakin ma Juvenal zai ji shi.

Yau da safe ya ce, "Dona Cícera, ga mijin da ya dace ki sake aura. Yana jin komai, ba ya shan giya, ba ya magana sai an kunna shi."

Na ce, "Kuma ba ya sa cokali a kwanon wani, ba kamar wasu ba."

Ya yi dariya har da buga tebur. Ni ma na yi. Ban san daga ina ta fito ba.

Alhamis, 22 ga Maris, asuba

Lahadi saura kwana uku.

Lahadi, 25 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

An sake kira. Murya ɗaya. Siririya, a shaƙe, kamar ana magana daga cikin gwangwani. Nonato wai ya je gari sayen gishiri.

Na ce, "Wai ya ma sunan karenmu na can Piauí? Tun jiya nake son tunawa."

Ta ce, "Haba Inna, Piaba mana. Wanda ya cinye kyandir ɗin coci ya kwana yana amai."

Daidai ne. Na fito ina murna har bakin famfo. A nan na tsaya. Nonato ne ya haƙa wa Piaba rami. Babu abin da Edivar ya sani na gidanmu wanda Nonato bai sani ba.

Litinin, 26 ga Maris, asuba

Bari in rubuta abin da na ƙi rubutawa. Nonato yana kwaikwayon murya. Tun yana ƙarami. Yana yin Fada, yana yin mai sayar da kifi, yana yin marigayi mijina har gabana ya faɗi. Wata rana ya tsaya bayan ƙofa ya ce da muryar Edivar, "Inna, ba ki ba ni mazarƙwailata ba," na miƙa ba tare da na duba ba. Sau biyu ya ci ranar.

Kuma lokacin da akuyarmu ta mutu a daji, mako guda yana ce mini tana wajen bunsurun maƙwabta. Da na kama shi na ɗaga takalmi, ya ce, "Ki dake ni, Madrinha, amma bakina ba zai taɓa kawo miki baƙin labari ba." Shekararsa tara.

Alhamis, 29 ga Maris

Na wanke rigunansu, duk da a wanke suke.

Lahadi, 1 ga Afrilu, yamma

Ana ruwa a can, layin yana ta tsartsatsi kamar mai a kasko. Muryar tana tari. Na ce a ba ni Nonato. Ta ce yana barci, ya yi aikin dare.

Na manna kunnena har ya yi zafi ina neman abu biyu. Edivar yana da haƙori da ya karye a gaba, in ya yi magana akwai ɗan fito da ke bin wasu kalmomi. Kuma muryarsa daga ƙirji take tasowa, irin ta ubansa, in ya yi gyaran murya a ɗaki sai ruwa ya motsa a kofi. Babu fiton. Babu ƙirjin.

Talata, 3 ga Afrilu, hutun rana

Bangon ɗakina katako ne, in na yi atishawa maƙwabciyata ta ce Allah Ya ba da lafiya. Don haka a ɗakin shiru nake yi. Kuka a can ba ya kama da kuka. Yana fita ya ɓace, sosayen nan suna shanye shi, sai ka ji kamar wani ya karɓa daga hannunka.

Amma ba na yi a gaban Juvenal haka kawai. Na sayi auduga.

Laraba, 4 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Na yi abin kunya.

Kowace safiya kafin a fara aiki, Seu Aristides yana kifa wani ɗan bututun ƙarfe a kunnen Juvenal. Bututun yana busa sauti ɗaya tak, ba ya hawa ba ya sauka, kuma dole allura ta tsaya a kan wani jan layi. In ta tsaya, ranar an yarda da kunnen. Yau allura ta kwanta can ƙasa. Ina goge taga ina jin sa. Ya canja batir, ya zare wayoyi, ya zagi damina, ya zagi wanda ya ƙera injin da kakarsa. Awa uku. Ni kuwa hankalina yana Pará, ko kaɗan ban tuna ba.

Sai Dotora Harumi ta sauko, shugabar sashen. Ƙaramar mace ce, ba ta ɗaga murya. Ta karɓi tocila ta haska kunnen, ta ce a ba ta hantsaki. Ta zaro audugar a hankali ta ɗaga sama.

Ta ce, "Wa ke yi wa Juvenal maganin ciwon kunne?"

Tsumma ya faɗi daga hannuna. Na ce, "Ni ce, Dotora."

Seu Aristides ya kama kansa. "Awa uku, baiwar Allah! Na kusa rubuta wa Turai takarda! Don me?"

Na ce, "Don kada ya ji."

Dotora ta ce, "Ya ji me?"

Na sunkuya na ɗauki tsummana. Ta ce wa Seu Aristides ya je ya haɗo kofi. Ta zaunar da ni a kan kujerarta, ita ta zauna a kan akwati. Ta ce Juvenal ba ya jin komai sai an kunna injin. Na ce ta yi haƙuri, ita ta yi karatu, amma ni na daɗe ina share masa fuska. Ba ta yi dariya ba. Sai na faɗa mata duka, rami da rediyo da Piaba da akuya.

Seu Aristides ya dawo tun da daɗewa yana tsaye da kofuna. Ya ce, "Dotora, yaran nan ai muna da su."

Na miƙe tsaye.

Ya ce, "A faifai, Dona Cícera, a faifai. Zauna."

Na manta sam. Bara a watan Agusta sun nemi mutanen arewa su karanta jimloli a ɗakin shiru, don a gwada ko sabon tarho yana ɗaukar irin maganarmu. Ni na kawo su. Seu Aristides ya ce na Edivar ya fita tsaf, shi kuwa ɗan banzan nan Nonato ya ɓata masa rabin faifai da shaƙiyanci.

Ba a kore ni ba. Audugar tana kan teburin Dotora cikin kwalba.

Juma'a, 6 ga Afrilu, hutun rana

Dole in rubuta wannan.

Sun sa mini kujera a kan ragar, gaban Juvenal, suka ja ƙofa. Shiru ya sauko. Na ji dakan nan na zuciyata. Sai bakin Juvenal ya ce, "Jirgin ruwa ya bar tasha da sassafe."

Ya Maryamu. Ɗana ne. Ba kamar rediyo ba, ba kamar kaset ba. Yana nan, taku ɗaya daga gwiwata. Na ji ya haɗiye yawu. Na ji leɓɓansa sun rabu kafin kalma ta fito. Ga fiton haƙorin, ga ƙirjin ubansa, har cikin ƙashin kujera na ji shi. "Manomi ya ɗaure jaki a gindin mangwaro." Na miƙa hannu na taɓa kumatun. Sanyi.

Yaya aka yi mutane suka kama numfashin yaro suka naɗe shi a zare mai ruwan ƙasa, suka ajiye a kabad wata takwas, bai ruɓe ba, bai tsufa ba? Ni da na ga zuwan lantarki garinmu na ɗauka na gama ganin abin mamaki.

Da suka buɗe ƙofa na ce, "Wannan ba shi ne mai kirana ranar Lahadi ba."

Dotora ta ce, "Ki dakata. Ba ki ji shi ta layi ba tukuna."

Lahadi, 8 ga Afrilu, yamma

An lulluɓe siffofin waliyyai da shunayyar ƙyalle a coci, kamar kowace shekara in Ista ta matso. Na tsaya gaban Uwarmu Maryamu ina kallon ƙyalle. Na san tana ciki. Ban iya roƙon komai ba.

Ƙarfe uku ta kira. Nonato ya je ɗebo ruwa.

Talata, 10 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Yau suka gwada ni yadda suke gwada masu sauraronsu, da takarda da fensir. An ɗaura wa Juvenal tarho a ɗakin shiru, ni ina wani ɗaki da nawa. Tsakaninmu akwai wani akwati mai maɓallai. Seu Aristides ya ce cikinsa akwai hanya. Ya murɗa ɗaya ya ce, "Nan gidan burodi ne." Ya murɗa ya ce, "Nan Goiás." Ya murɗa har ƙarshe ya ce, "Nan Pará, har da ruwan sama na ƙara miki kyauta." Akwatin bai kai tukunyar wakena ba, amma tafiyar kwana uku a mota tana ciki.

Dotora ta ce za a sa murya goma, ko dai Edivar ko Nonato, a gauraye. Bayan kowace in rubuta suna. Na ce ai wannan ba aiki ba ne, wace uwa ce ba ta san muryar ɗanta ba. Na zauna da kyau, na rubuta sunayen da haruffa manya don kada a ce ban iya ba.

Ta farko ta zo. Siririya, a shaƙe, daga cikin gwangwani. Babu fito, babu ƙirji. Na rasa sunan da zan rubuta.

Da aka gama Dotora ta duba takardar. Huɗu na dace.

Seu Aristides ya ce, "Da kin rufe ido kin jefa kwabo sama, da ya fi ki."

Dotora ta harare shi. Ya ce, "Gaskiya ce ai, kuma labari ne mai daɗi. Ba ki gane ba, Dona Cícera? Kunnenki ne ba abin yarda ba, ba yaron ba."

Ta shimfiɗa dogayen takardu biyu a tebur, ɗaya a saman ɗaya, jimla ɗaya ce ta Edivar. Ta sama, ba layi, tana da duwatsu da kwaruruwa kamar hanyar garinmu. Ta ƙasa an aske ta. Ta ce layin tarho ƙofa ce ƙunƙuntacciya, tsakiyar murya kawai ke wucewa. Saman, inda fiton yake, a waje ake barinsa. Ƙasan, inda ƙirjin yake, shi ma haka. Ta ce duk duniya haka ake magana a tarho, kowa da rabin muryar masoyinsa, sauran rabin zuciya ce ke cikawa ba a sani ba.

Na ce, "To da can me ya sa nake gane su?"

Ta ce, "Da can su biyu ne, kuma ba kya jin tsoro."

Na sa yatsa a wani wuri da allura ta kwanta ta ja layi miƙaƙƙe, a takardun biyu daidai wa daida. Na ce nan fa? Ta ce nan ya yi shiru ne yana jan numfashi. Ta ce, "Shi layi ba ya taɓa shiru. Yadda ya shiga haka yake fita."

Seu Aristides ya ce zai kawo rikoda gidan burodi ranar Lahadi a ɗauki muryar a auna. Dotora ta girgiza kai. Ta ce, "Injina tarho yake aunawa, Dona Cícera, ba 'ya'ya ba. In na ce miki wane ne, ƙarya zan yi, kuma za ki yarda da ni don ina da farar riga."

Laraba, 11 ga Afrilu, asuba

To mai yiwuwa shi ne. Na tashi da sauƙi a ƙirjina, na turara dambun masara, na ci.

Sai na ga kwano biyu a kan shiryayye.

Alhamis, 12 ga Afrilu

Na rubuta wani abu a nan na goge.

Lahadin Ganyen Dabino, 15 ga Afrilu, yamma

Ta kira. Na sa albarka. Ban tambayi kowa ba, ita ma ba ta kawo dalili ba. Mun yi maganar ruwan sama.

A coci kowa ya ɗaga ganye yana waƙa, ni bakina a rufe. Wata guda ban yi addu'a ba. In na ce Allah Ka sa wane ne, me na ce ke nan a kan ɗayan? Nono ɗaya suka sha. Amma Ya san abin da na goge ranar Alhamis. Kunnensa ba ya ɗaukar auduga.

Laraba, 18 ga Afrilu, hutun rana

Na share ɗakin shiru. Na gaya wa Juvenal ya yi haƙuri da abin da na yi masa. Na zauna kaɗan ina sauraron dakan. Ko a ina suke, kowannensu da irin wannan a ƙirji na sallame shi.

Babbar Juma'a, 20 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Yau ba a kaɗa ƙararrawa, sai katako ake bugawa. Da Fada ya karanta inda Ubangiji Ya saki rai, duk coci aka durƙusa aka yi tsit. Mutum ɗari huɗu. Cikin shirun nan na ga layin nan miƙaƙƙe na takardar Dotora, sai na ga teburina.

Shekara huɗu da suka wuce, da asuba muke karatu, ni da Edivar, lokacin Nonato yana gidan burodi yana murza ƙullu. Na sa Edivar ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, don kunya nake ji, tsohuwa da fensir. In na kai kalma na cije, ba ya faɗa mini. Ko zan kwana. Sai ya yi shiru ya jira, in jiran ya yi tsawo ya ƙwanƙwasa tebur da farce sau uku, a hankali, wato ina nan, sake gwadawa. Na sha zaginsa a kan haka. Ya ce, "In na ba ki, tawa ce. In kin ciro da kanki, taki ce."

Nonato bai taɓa ganin wannan ba. Shi sai da na iya ya sani, ranar da na karanta allon bas. Kuma tun ranar bai taɓa barina na kai ƙarshen kalma ba. Ina harafi na biyu zai fizge ta daga bakina ya ce, "Madrinha, bas zai tafi ya bar mu kina gaisawa da haruffa." Yana iya kwaikwayon Fada da kare da matacce. Jira ne bai iya ba.

Asabar, 21 ga Afrilu, rana

Na rubuta layi ɗaya a takarda daban. Na iya shi kamar sunana. Na goge takalmana na coci. Ban ci komai ba, amma yau kowa ma haka.

Lahadin Ista, 22 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

An yaye wa waliyyai ƙyalle, ƙararrawa ta dawo. Ƙarfe biyu da rabi ina gidan burodi. Seu Tonico ya kashe rediyo ba tare da na roƙa ba.

Ƙarfe uku da minti shida.

"Sa mini albarka, Inna."

"Allah Ya yi maka albarka. Na rubuto muku abu a littafin nan, bari in karanta maka."

"To, Inna."

Na ɗaga takardar na karanta a hankali, kamar da. "Yarana, tun da kuka tafi, tukunyar wake ta yi mini..." Na tsaya. Na ce, "ta yi mini... gi..." Na tsaya.

Ko yaro ɗan shekara uku ya san kalmar. Na rufe ido. Ruwa yana tsartsatsi a layin. Na ƙirga dakan zuciyata kamar a ɗakin shiru. Biyar. Goma. Ba a fizge ba. Sha biyar. Wani a bayansa yana cewa a yi sauri akwai masu jira. Sha tara.

Sai na ji farce a jikin kan tarho. Ɗaya. Biyu. Uku. A hankali.

Tafiyar kwana uku a mota, ta daji da koguna, ta ƙofar nan ƙunƙuntacciya, ba abin da ya rage a hanya.

Na ce, "Girma."

Ya ce, "Yauwa, Inna."

Seu Tonico ya turo mini buhun fulawa na zauna. Na ce, "Edivar."

"Na'am."

"Ina ɗan'uwanka?"

Shiru. Na ji numfashinsa yana kakkaryewa. Kalmar tana bakina, wata guda tana bakina, da na faɗa masa da na sauƙaƙa masa. Ban faɗa ba. Na jira. Da jiran ya yi tsawo na ɗaga yatsana na ƙwanƙwasa sau uku.

Ya faɗa.

Kwana huɗu yana tonon laka da hannu yana kiran sunansa, har muryar ta tsage, har yau ba ta dawo ba. Ya same shi. Ya binne shi a kan tudu inda ruwa ba ya kaiwa, ya rubuta sunan a katako da haruffa manya. Ya ce kowace Lahadi da niyyar faɗa yake zuwa, sai ya ji kamar Nonato yana riƙe masa baki.

Na ce ya hau mota gobe. Ya ce to.

Litinin, 23 ga Afrilu, hutun rana

Na zo aiki, don gida ya yi mini girma shi ma. Dotora ta dube ni ta gane rabi, na faɗa mata sauran. Seu Aristides ya cire tabarau yana ta gogewa da rigarsa. Na ce ina da roƙo ɗaya. Ya ce, "Na riga na ɗora faifan."

Suka ja ƙofa. Ban sa wa kowa auduga ba.

Nonato ya fara da kyau, "Jirgin ruwa ya bar tasha da sassafe." Jimla uku kawai ya iya daurewa. Ta huɗu da muryar Fada ya karanta ta. Ta biyar da ta Seu Aristides, har da tarin. Na yi dariya ni kaɗai a kan ragar nan hawaye yana shiga bakina. Sai takarda ta yi motsi, ya gama. Na ɗauka faifan ya ƙare. Na ji ya matso kusa, ya rage murya, da tasa ta kansa, wadda ba ya yawan amfani da ita. Ashe ranar ya hango ni ina leƙe ta bakin ƙofa da tsintsiya.

Ya ce, "Ga ta can tana gadinmu. Sa mini albarka, Madrinha."

Na ɗora hannu a kan Juvenal na sa masa albarka. Babbar.